Kwalbar Nibaldo

A Mejillones, inda hamada ta durƙusa tana shan teku,
akwai kududdufai goma sha biyu da aka shimfiɗe da roba,
dogaye, ruwansu bai kai gwiwa ba.
Nibaldo ne mai kula da su.
Da can masunci ne, har kifi ya yi ƙaura ya bar shi da koma.
Yanzu gansakuka yake kiwo,
ita ɗin dai da yake kankarewa a gindin jirginsa yana tsaki.

Da asuba yakan tsoma kofi ya ɗaga shi saitin rana.
In ruwan ya yi kore shar, ya rubuta a littafi.
In ya soma ja-ja, ya buga wa Dakta Fresia waya,
ta zo da gashi a hargitse, ko ido ba ta wanke ba.
Sau biyu suna kwana da dukiya, su tashi da ruwan wanki:
wasu halittu da ido ba ya gani
sun biyo iska, sun cinye gonar kafin gari ya waye.

Shekarar farko baƙi sun zo cikin fararen motoci,
suka tsaya nesa don kada takalmi ya jiƙe.
Wani ya ce nan gaba jiragen sama daga nan za su sha.
Aka yi tafi.
Shekara ta huɗu akawu ya zo shi kaɗai,
ya lissafa taki, ya lissafa wutar da ke juya fukafukan ƙarfe,
ya lissafa zafin da ake busar da laka da shi,
har da gas ɗin motar da ke kawo takin.
Ya ce lita ɗaya ta ci kuɗin guda bakwai na gidan mai.
Ba wanda ya yi masa musu. Ya rufe jaka.

Yau kududdufai goma sha ɗaya na ciyar da kifin gona,
sauran garin a sayar wa masu man shafawa.
Ɗaya ne kawai, na can ƙarshe kusa da shinge,
Fresia ta hana a taɓa.
Tana cewa tsirar nan sai ta ji yunwa take tara mai,
in ta ƙoshi kuwa, sai yaɗuwa ba kitse.
Nibaldo ya yi dariya, ya ce ai haka ƙaninsa Aliro yake.

Wani dare wuta ta ɗauke, suka zauna a bakin ruwa,
ta gaya masa abin da ya hana shi barci:
man da tankoki ke saukewa a tashar can
shi ma da irin wannan koren ya faro,
ƙasa ta binne shi, ta dafa shi a hankali,
shekaru miliyoyi, ba ta biya kowa albashi ba.
Mu kuwa muna son girkin ya nuna cikin mako guda,
kuma ya fi nata araha.

A kan kantar ɗakinsa akwai kwalba mai rabin lita,
tatsar farko, launinta kamar zuma mai duhu.
Sau ɗaya ya zuba rabinta a injin tsohon jirginsa.
Injin ya yi tari, ya yi tari, sannan ya kama.
Ya zagaya gaɓa har ya wuce duwatsun tsuntsaye,
hayaƙin na ƙamshin suya, jikarsa na ihu a gaba.

Jikar ce ke tambaya, yaushe za a ƙona sauran?
Ya ce ranar da aka fara sayar da irinsa a bakin hanya.
Ta ce yaushe ke nan?
Bai sani ba. Fresia ma ba ta sani ba.
Ya sa takalmin roba, ya ɗauki kofi,
don kududdufin ƙarshe tun jiya launinsa bai yi masa ba.