Famfon Kicin a Valparaíso

Wata huɗu yana ɗiga,
ɗis, ɗis, cikin tukunyar da na tara masa.

Ran Asabar na gangara tudu,
na sayo sabo a shagon Eulogio.
Ya ara mini sifana, ya ce, "Ximena,
rufe ruwan tukuna, kar ki yi wanka da tufafi."

Na kwanta rigingine ƙarƙashin wurin wanke-wanke,
tocila a baki, tsatsa na zubo mini a ido.
Noti ya ƙi.
Mahaifina ne ya ɗaure shi, shekara talatin ke nan,
shi kuwa in ya ɗaure abu, ya ɗauru.
Na zage shi, na ba shi haƙuri,
na ɗiga mai, na jira,
sai ya saki, kamar mai sakin hannu a tasha.

Sabon yana ƙyalli, ko uffan.
Kyanwata ta hau, ta zauna gabansa
tana jiran ɗigon da ta saba lasa.
Ta dube ni.
Na murɗa mata kaɗan.

Tsohon na naɗe shi a jarida.
Motar shara ta zo sau uku,
har yau yana kan firji.