Rigar Aro a Kasuwar Kifi

Daga Madrid suka aiko da kundi,
shafi sittin da huɗu, bango shuɗi.
Ya ce a saki sabuwar manhaja
ƙarfe biyun dare, kowace Talata,
sa'ad da duniya ke barci.

Wanda ya rubuta bai taɓa kwana a Vigo ba.
Ƙarfe biyun dare a nan shi ne hantsi:
jirage na amayar da akwatuna,
ƙanƙara na zubar da hawaye kan siminti,
Xurxo mai sikeli na kiran lamba
da muryar da gishiri ya cinye rabinta,
kifi na jiran kuɗinsa kafin ya soma wari.

Talatar farko na bi kundi.
Na danna maɓalli ina hamma a ofis.
Minti goma sha ɗaya allon gwanjo ya yi baƙi ƙirin.
Sabela dillaliya ta rubuta farashi a tafin hannu,
gumi ya lashe kan bakwai, ya bar mata ɗaya.
Har yau in na gaishe ta, akwati take amsa wa.

A daren na tuna kakata, tela ce a Ourense.
Ba ta sa almakashi a yadi
sai mai riga ya zauna, ya miƙe,
ya ɗaga hannu kamar mai ciro tulu a rataye.
Takan ce, tef ƙashi yake aunawa,
ido ke auna tafiya.

Sai na rufe kundi, na sa takalmin roba,
na yi kwana uku ina tsaye inda ba a so na.
Na ga sikeli na tara yana kurmancewa
da zarar an ja ƙofar ɗakin sanyi.
Na ga masu safar hannu ba sa iya taɓa ƙaramin rubutu.
Na ga Asabar da azahar wurin tsit yake,
daga kyanwa sai mai wanke daɓe.

Na dawo na ɗauki almakashi.
Sa hannun manajoji uku, na yanke,
na bar na Xurxo, shi da ke gane ƙarya a nauyi.
Maimakon sikeli ashirin a tashi ɗaya,
ɗaya tak, na lungu, inda ake auna kaguwa;
in ya wuni lafiya, gobe 'yan'uwansa su bi.
Tsohuwar manhaja ban jefar ba,
na rataye ta bayan ƙofa kamar rigar ruwa,
maɓalli guda, ta dawo jiki.
Gwaji kuwa ban rage ko ɗaya ba,
shi ne kalmasa, in ka tsinke ta yadi ya zare.
Sittin da huɗu ya koma tara,
na tara ma rabinsa lambar wayata ce.

Íñigo ya bugo daga hawa na sha biyu.
Ya ce ai haka muke yi wa banki, bai taɓa kuka ba.
Na ce banki na kulle ƙofa da yamma,
teku fa, ina ƙofarta?
Ya yi shiru. Na ji yana juya cokali a kofi.
Daidai ruwa, daidai gari, na ce,
ban sani ba ko ya rubuta.

Asabar na danna.
Babu abin da ya faru.
Kyanwa ba ta ko ɗaga kai ba.
Ban taɓa jin daɗin rashin labari irin haka ba.

Wata mai zuwa za su tura ni wani asibiti a Lugo,
inda babu Asabar, babu azahar ɗin da ta yi tsit.
Shafi taran nan ba za su shiga jikinsa ba, na sani.
Na dai wanke takalmin, na naɗe tef,
warin kifi bai bar jakata ba tukuna.