Bakin Tiya

Ƙarfe goma wuta ta dawo Bilbis.
Na buɗe tarihin Malam Abarshi
a kundin sanin da kowa ke sa wa hannu.

Wani ɗalibinsa ya riga ni:
"Fitilar Adar, kogin da ba a tsallakewa."
Can ƙasa mai jin haushi ya ɗora:
"Ya sayar da murya don buhun shinkafa."

Na kashe fitilar. Na kwashe shinkafar.
Na bar shekarar da ya shiga rediyo,
watanni ukun da aka rufe shirinsa,
abin da hukuma ta ce, abin da shi ya ce,
kowanne da jaridar da ta ɗauko shi.

Inna na awon gero kasuwar Lahadi.
Ba ta yi wa dangi tozo, ba ta rage wa baƙo,
tafi ɗaya ke shafe bakin tiya.

Amma ni ma da nawa.
Muryar nan ta kira babana ɓatacce
saboda wazifa, duk Tawa na ji.
Daren nan bai taɓa tuwo ba.
Mai muryar kuma, bayan shekara bakwai,
shi ya kama makara ranar da muka kai shi.

Yatsuna sun rubuta layi biyu.
Na nemi shaida: ni kaɗai.
Na mayar da su ƙirji.

Saura shekarar haihuwa.
Wata jarida ta ce sittin da ɗaya, wata da uku.
Na sa duka biyun,
sai wuta ta sake ɗaukewa.