Yatsun Baba Cindo

Ni aka ba na'ura, ni ke riƙe da rajista,
gindin darbejiyar firamare, kan hanyar Sandamu.
An ce duk wanda ruwa ya ci wa gida bana
ya dangwala yatsa, tallafi zai same shi ta waya.

Baba Cindo bai iso ba sai bayan azahar,
sanda a gaba, shi yana biye,
hularsa ta sha wanki har ta manta launinta.
Na ce, Baba, kawo babban yatsa.
Na'ura ta nuna ja.
Manuni, ja.
Muka bi su ɗai-ɗai
har ɗan ƙaramin na shida da ya ja masa suna.
Ya yi dariya da haƙoransa biyu:
“Yaro, ƙotar fartanya ta riga ka.
Damina saba'in tana karatun hannun nan,
ta lashe rubutun tas.”

Lambar waya fa?
“Ta jikana ce, yana Legas.”
Takardar haihuwa?
“Shekarar fara aka haife ni. Nemo farar ta ba ka shaida.”

Layi ya miƙe har bakin titi, rana na dukan ƙeya.
Na ce ya koma gefe.
Ya koma.

Daga gefen ya yi magana, yana zane ƙasa da sanda:
“Filin da kuka auna na sababbin gidaje, turbar ruwa ce.
Muna yara mun tono gaiwa a nan.
Ruwa ba ya ɓatan hanyar gidansu
ko ya shekara arba'in a ci-rani.
Ran da aka yi taro a sakatariya
an jera kujeru, an raba lemo,
an kira matasa, an kira masu biro.
Ni ina da irin gero a tukunya,
mai nuna kafin sama ta ɗauke.
Tasalla ta adana shi cikin toka kafin ta rasu.
Ba wanda ya tambaya.”

Fom ɗina gida goma sha biyu ne.
Akwai gidan shekaru, akwai gidan asara,
babu gidan abin da mutum ya sani.
Na juya takarda, na rubuta sunansa a baya.
A ofis aka ce baya ba ta shiga lissafi.

Daren nan hadari ya haɗu ta gabas,
na kwanta ina jin yayyafi a kan kwano,
ina tuna zanen sandar nan,
yadda ya lanƙwasa daidai inda muka kafa turaku.

Jibi kwamiti zai zauna kan batun magudana.
Na ari babur ɗin maƙwabci, zan biya in ɗauko shi.
Ban sani ba ko mai gadi zai bar mu mu wuce.
Shi dai ya ce in zo da wuri,
gwiwarsa ba ta son gaggawa.