Gwangwanin Shayi

Likita ta ƙirga da yatsunta, ta ce Janairu.
Na dubi Gantumur, shi kuma ya dubi rufin asibiti.
Janairu a Ulaanbaatar!
Watan da numfashi kan daskare a gashin baki,
watan da hayaƙin unguwarmu
kan kwanta bisa tantuna kamar tsohon bargo.
Kai yaro, ba ka iya zaɓen wata ba.

Da muka dawo gida na zazzage gwangwanin shayi,
na wanke, na kife ya bushe,
na rubuta a murfinsa:
Ba nawa ba, ba naka ba.

Shi direban bas ne, layin babbar kasuwa.
Ni ina ɗinka rigunan sanyi
da keken da inna ta bar mini, mai tari kamar dattijo.
Abin da ke shigowa mun san fuskarsa,
abin da ke fita ne ba ya sallama.

Sai muka shiga datsewa.
Tabarsa ce ta fara tafiya.
Sati biyu yana tauna tsinken ashana
yana harar bango kamar bango ya ci masa bashi.
Ni na bar man shafawa na kanti,
na koma kitsen wutsiyar tunkiya irin na kakata.
Ƙashi ɗaya, miya uku:
ranar farko da namansa,
ta biyu da ƙamshinsa,
ta uku da labarinsa.

Ruwa a amalanke muke turo shi daga rumfar famfo,
kowace jarka da kuɗinta.
Na wanka ya zama na wanki,
na wanki ya goge daɓe,
har ya fita ƙofa a gajiye kamar mu.

Ina da takarda a ƙarƙashin matashi:
kwal na wata uku,
na'urar tace iska don ƙaramin huhu,
kuɗin tasi na tsakar dare,
domin naƙuda ba ta jiran bas
ko da mijinki ne direban.

An ce da yayyafi kogi kan cika.
A Oktoba gwangwani ya fara nauyi,
murfinsa har yana ƙin rufuwa.
Sai murhu ya tsage.
Tsaga ɗaya, siririya kamar zare,
hayaƙi na bi ta ciki yana neman idona.
Maƙeri ya duba, ya girgiza kai, ya faɗi kuɗin sabo.

Daren nan na zube takardun tugrik a kan gado,
wata huɗu na tabar da ba a sha ba,
na naman da ba a ci ba.
Na yi kuka, na ce mun saci kuɗin jariri.
Gantumur ya daɗe bai ce komai ba,
sannan ya ce, To wa zai ji ɗumin murhun?
Ban amsa ba. Haushi na ji da ya fi ni gaskiya.

Washegari tsohuwa Dulamsuren ta buga ƙofa,
ɗauke da ƙunshi mai warin ajiya:
fatar ɗan rago da ta naɗe 'ya'yanta biyar,
hula ƙarama, safa ɗaya ja ɗaya shuɗiya.
Ta ce, Aro ne, ki dawo da shi, jikata ma na hanya.
Na ja layi a kan abu biyu a takardata.

Yau dusar ƙanƙara ta fara sauka.
Sabon murhu na ci ba tari.
Gwangwani ya koma rabi, ko bai kai ba.
Na ɗora shi a kan cikina ina lissafi,
sai aka doke shi daga ciki,
sau ɗaya, sau biyu.

Gantumur, zo ka gani,
mai kuɗin ya zo bin sawu.