Ƙwallo Shida, Ba Suna

Ranar Talata akwatin ya iso,
fari fat, ba tambari, ba sunan kamfani.
Ƙwallayen golf shida a kwance kamar ƙwan agwagwa,
uku da ɗigon ja, uku da ɗigon shuɗi,
sai 'yar takarda daga wata Catriona Baird:
"Mista Moffat, a buga, a faɗa mana gaskiya."

Shekara talatin da ɗaya na yi ina raba wasiƙu
a garin nan na bakin teku a Scotland.
Nakan san nauyin labari tun ban buɗe jaka ba,
amma waɗannan na juya su a tafin hannu,
suka yi gum.

Da sassafe na fita, iska na yankan kunne.
Dougal Rennie na biye da ni da tarinsa,
shi ma an aiko masa da nasa.
Kafin rami na uku ya cike takardarsa:
goma bisa goma, goma bisa goma.
"Yaba kyauta tukwici," in ji shi,
"so kake baɗi su manta da adireshinka?"

Mai jan ɗigo ya tashi ƙasa-ƙasa,
ya huda iska bai waiwaya ba,
sai dai da ya sauka bai san tsayawa ba,
ya wuce rami da taku huɗu,
kamar baƙon da bai gane gida ba.
Mai shuɗi ya yi sama, sama,
iska ta karɓe shi daga hannuna
ta kai shi cikin ƙayar nan mai furen rawaya.
Har yau yana can.

Da dare na zauna da biro, shayi na hucewa.
Na fara rubuta: shuɗin ba ya jin magana.
Sai kafaɗata ta dama ta yi tsami,
wadda na faɗi a kanta kan ƙanƙara bara.
Na soke layin.
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na rubuta: bugu goma sha takwas,
bakwai daga ciki ni na karkace,
kar a ɗora wa ƙwallo.
Iska daga hagu take, ciyawa jiƙe sharkaf,
shekaruna saba'in da biyu,
a auna maganata da wannan.
Can ƙasa, inda babu gurbin amsa, na ƙara:
ɗaya cikin shuɗin, in an buga shi,
ƙararsa kamar cokali a kan tsagaggen kofi.
Ban san me ake nufi ba. Kunne ne ya ji.

Mako biyar shiru.
Dougal ya sami sabon akwati, ya zo yana kaɗa mini shi.

Sai ga ambulan siriri,
yaron da ya gaje ni ya turo ta ƙarƙashin ƙofa.
"Mun yanka ɗan'uwansa biyu," in ji Catriona,
"mun ga inda ɓawo ya rabu da ciki.
Mutum ɗari biyu sun ba mu lamba.
Wane irin kofi? Na tangaran ko na ƙarfe?"

Na tashi na buɗe kabad.
Na ɗauko cokali.
Ina nan ina bin su ɗaya bayan ɗaya,
kare na kallona kamar na zautu.