Jan Ragon Nasieku

Shekarar da na baro Nairobi da kuɗin gadi a aljihu
na tsaya kasuwar Bisil
na sayi rago fari fat, kansa baƙi wuluk
kamar ya leƙa tukunyar baba.
Dofa ake ce wa irinsa.
Mu huɗu muka ɗora shi a mota.

Uwata Nasieku ta zagaya shi sau biyu,
ta ɗaga guntuwar wutsiyarsa da kan sanda.
"Ina ya ajiye guzurinsa?"
Na yi dariya. Na ce, yanzu sikeli ke magana.

Sikeli kuwa ya yi magana.
'Yan ruwa-biyu suka zo da faɗin ƙirji,
a wata biyar sun kai inda jajayenmu ke kaiwa a shekara.
Mahauta suka koyi hanyar gidanmu,
na yi rufin kwano, na sa Simaloi a makaranta.
Maƙwabta suka bi sahu,
mai jan rago ya yanka, wani ya dandaƙe nasa.
Daga ƙofarmu har gindin Dutsen Orok
garke ya koma kamar taron hankaki.

Ita dai ta ware tumaki tara,
gajeru, masu gashi kalar ƙasar shuri,
da rago ɗaya mai karyayyen ƙaho.
Ta ɗinka walkin fata,
ta riƙa ɗaura wa ragona a ciki
duk ranar da garkuna za su haɗu a rijiya.
Na ce waɗannan naki ɓarnar ciyawa ne.
Ta ce, "Kai ka shuka ta?"

Sai ruwa ya ƙi zuwa.
Ya sake ƙi.
A na uku mun daina kallon sama.
Tafiyar rijiya ta zama ta kwana biyu,
nawa suka fara durƙusawa a hanya,
mafi ƙiba shi ya riga faɗuwa.
Na sayar da kwanon rufi na sayi dusa.
Ungulu ta san sunana.
Nata suna tafe, kai a ƙasa,
suna tsintar 'ya'yan ƙaya,
wutsiya na motsewa kamar jakar matafiyi,
kullum a ciro kaɗan, ba a zazzage duka ba.

Da ruwan ya zo ma bai zo shi kaɗai ba.
Sabuwar ciyawa ta kawo tsutsar ciki,
haɓa ta kumbura, ido ya yi fari,
na ɗura magani har kwalba ta ƙare.
Cikin tamanin, sha ɗaya suka rage mini.
Cikin tara, uwata ta rasa biyu,
ɗaya ma kura ce ta ɗauke ta.

Yanzu da asuba akwai mutane a bakin shinge.
Ole Kipury ya zo da igiya,
shi da ya fi kowa yi mata dariya.
Aron rago suke nema, kwana uku-uku,
ladan kuwa 'yar tunkiya idan an haihu.
Ragon ya tsufa, haƙoransa sun zube,
sai an jiƙa masa dusa.
Tana ba su, amma sai ta duba tumakinsu tukuna:
'yarsa ba ta komawa gare shi,
ko da mai ita zai yi kuka.

Simaloi ta sayi littafi tana rubutawa,
wace ta haifi wace, wa ya yi barbara.
Tsohuwa ba ta hana ta ba,
ita tsagar kunne take karantawa.

Ban rabu da nawa sha ɗayan ba.
Kuɗin makaranta ba ya jiran shekara,
ita ma ta sani, ba ta ce komai ba.
Jiya dai ta miƙo mini walkin,
igiyarsa ta tsinke.
Na zauna a inuwa ina gyarawa.